Sun ce in riƙe musu kuɗin cacar mutuwa

Auwalu Manchesta: Salamu alaikum jama'ar gida. Ina da matsala, kuma don Allah a bari in gama kafin a yi mini dariya. A wurin aikinmu akwai wani wasa da suke yi duk shekara, tun kafin in zo. Kafin 31 ga Disamba kowa zai rubuta sunayen shahararrun mutane 10 da yake ganin ba za su ga ƙarshen shekara mai zuwa ba, ya haɗa da fam 10 ya miƙa. Duk wanda ya rasu cikin mutanenka sai a rubuta maka maki. Ƙarshen shekara wanda ya fi kowa maki ya kwashe kuɗin. Dead pool suke ce masa. Takardar tana nan manne jikin firij a ɗakin shan shayi, wanda ya mutu a ja masa jan layi. Shekara 3 ke nan ina buɗe firij ɗin ina ɗaukar madara ina kawar da kai.

To yau dattijon da ke riƙe da abin ya tare ni wajen ajiye motoci ya danƙa mini ambulan. Mutum 18 sun riga sun biya, fam 180. Wai shi bana ba zai iya ba, kuma duk sun yarda ni zan riƙe, don ba na shan giya kuma ba na cikin wasan, saboda haka ba zan yi son kai ba. Mutumin nan shi ya koya mini aiki, shi ya tsaya mini lokacin da aka so sallamata. Nauyinsa ya sa na karɓa. Yanzu ambulan na cikin jakata. Ni ko kwabo ba zan sa ba, ajiya ce kawai da lissafi. Ya kuke gani?

Ɗan Iya Waya: Wato dai an naɗa ka Sarkin Ungulayen Manchesta. Allah ya ja zamanin sarki. Yaushe za mu zo mubaya'a?

Shugaba: Ɗan Iya, ya ce a bari ya gama kafin dariya.

Ɗan Iya Waya: Ai ya gama ranka ya daɗe. Auwalu, ya ake ba da makin? Tambayar ilimi ce.

Auwalu Manchesta: A namu ana cire shekarun mamacin daga 100. Ɗan shekara 90 maki 10, ɗan shekara 60 maki 40. Akwai wani a cikinsu da ya riƙe sunan Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, tunda aka ce an daina yi masa magani an mai da shi gida a Fabrairun 2023. Tsohon bai rasu ba sai 29 ga Disamba 2024, bayan ya cika 100 cif. Maki sifili. Na ga mutumin da idona ranar da muka koma aiki, yana tsaye gaban firij da kofin shayi yana cewa tsohon ya cuce shi, da ya tafi kafin Oktoba da ko maki 1 ya samu. Kowa na dariya. Ni ma, Allah ya yafe mini, sai da na murmusa.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Auwalu, mai da musu kuɗinsu gobe da safe. Wannan ba ya buƙatar dogon bincike. An tara kuɗi, an rataya shi a kan abin da ba wanda ya sani, ɗaya ya cinye na saura: wannan ita ce caca ko da wace riga ta saka, kuma aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta gama magana a kanta. Cewa ba ka sa naka ba bai fitar da kai ba. A farkon surar an ce kada ku taimaki juna a kan zunubi. A hadisin riba ma ba mai ci da mai bayarwa kaɗai aka ambata ba, har da marubuci da shaidu. Kai ne za ka zama marubucin. Sannan ƙarshen Suratu Luƙman, rai bai san a wace ƙasa zai mutu ba. Su wa suka ba su wannan ilimin?

Barista: Allah ya gafarta Malam, a kan caca ban ja da kai ba ko kaɗan. Amma maganar gaibu ina ganin ba ta shiga nan. Mutanen nan ba su ce sun sani ba, kintace suke yi, kamar yadda manomi kan dubi gabas ya ce yau za a yi ruwa. Likita ma yakan ce wa dangi ku shirya. Idan muka haɗa komai muka ce da'awar sanin gaibu ce, za mu raunana hujjar da take da ƙarfi.

Malam Habibu: Na karɓa, Barista. Ban ce sun yi da'awar gaibu ba, na kawo ayar ce don a ga girman abin da suke wasa da shi. Hujjar tana kan caca da taimako a kanta.

Ɗan Iya Waya: To idan babu kuɗi fa? A ce mu nan gidan mu rubuta namu, kyauta, wanda ya ci a saya masa tsire. Ni ina da mutum 3 da na tabbata, na farko shi ne

*Shugaba ya goge wannan saƙon*

Shugaba: Ba za a rubuta sunan wani mai rai a gidan nan a ce zai mutu ba. Ko da wasa. Wanda ya sake zan fitar da shi kwana 7.

Barista: Tambayar Ɗan Iya ba ta banza ba ce, ko da yake shi da iskanci ya yi ta. Akwai masu yi ba kuɗi. A nan Ingilar da Auwalu yake akwai DeathList, wasu ɗaliban jami'ar Warwick suka fara, jerinsu na farko na 1987 ne, kuma har yanzu duk shekara suna fitar da sunaye 50. Ba a cin ko sisi. Su a ganinsu raha ce, hanyar yi wa mutuwa gwalo. Bature yana tsoron maganar mutuwa fiye da mu, gawa ma ba kasafai yake gani ba, kamfani ke ɗauka ya shirya, a yi jana'iza bayan mako 2 ko 3. Sai tsoron ya fito ta hanyar barkwanci.

Amma da kuɗin abin ya fara, kuma ya daɗe. A Rum a ƙarni na 16 caca ake yi a kan tsawon ran Fafaroma da wanda zai gaje shi, har sai da Fafaroma Gregory na 14 ya haramta a 1591, ya ce wanda ya yi an kore shi daga coci. A Landan a ƙarni na 18 masu kuɗi suna da wani kulob da ake kira White's, suna da littafi na musamman na rubuta caca, ciki har da wane zai riga wane mutuwa. A 1750 jaridu suka buga musu wani shaguɓe: wai wani ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar kulob ɗin, aka shigo da shi, nan take aka fara caca ko ya mutu ko da sauransa. Da aka zo za a yi masa magani sai waɗanda suka sa kuɗi a kan mutuwarsa suka hana, wai za a ɓata musu caca.

Anti Rakiya: Wannan na ƙarshen shi ne maganar gaba ɗaya, Barista, ko da shaguɓe ne. Ni shekarata 22 ina aikin jinya. Ba saninsu ko rashin saninsu ne ya dame ni ba. Abin da kuɗin ke yi wa zuciya ne. Ranar da ka sa fam 10 a kan sunan mutum, ka koma gefen ciwonsa. In ka ji an kwantar da shi asibiti zuciyarka za ta ɗan yi tsalle, in ka ji an sallame shi ka ji wani iri. Ba sai kana mugu ba, haka kuɗi yake. Kuma dubi lissafin da Auwalu ya faɗa: ƙaramin yaro ya fi tsada. Wato mai son ci ba tsoho ɗan 95 zai nema ba, zai je yana tonon labarin wace matashiya ce ke fama da ƙwaya, wane ɗan wasa ne aka gano wa ciwon daji yana da shekara 40. Mawaƙiyar nan tasu Amy Winehouse, tana raye tana fama da shaye-shaye aka buɗe shafi a intanet ana canki-cankar ranar mutuwarta, da kyauta ga wanda ya dace. Ta rasu a 2011 tana da shekara 27. Tana da uwa tana da uba, suna karanta jarida.

Kuma abin ba ya tsayawa kan shahararru. A 2013 aka ruwaito a birnin Taichung na Taiwan an buɗe wuraren caca da sunan ƙungiyoyin taimakon tsofaffi, ana sa kuɗi a kan masu ciwon daji da likita ya cire rai da su, wata nawa za su ƙara. Har dangin marar lafiyar ana yanka musu kaso. Ku yi tunanin ɗan da ke riƙe da kofin ruwan mahaifinsa alhali ya san in tsohon ya wuce wata kaza kuɗi ya tafi.

Auwalu Manchesta: Anti, gaskiya mutanen ofishinmu ba su kai nan ba. Mutanen kirki ne, wallahi. Da mahaifiyata ta rasu su suka haɗa mini kuɗin jirgi.

Anti Rakiya: Ban ce miyagu ba ne ƙanena. Shi mai kofin shayin da ya ce Carter ya cuce shi ai ba mugu ba ne, kai ma da ka murmusa ba mugu ba ne. Wannan ne ma ya fi ba ni tsoro.

Ɗan Iya Waya: To ga Sani nan ya yi shiru yana karantawa. Sani, ku masu inshora ba wannan ce sana'arku ba? Kuna duban mutum ku ce wannan saura shekara kaza, sai dai ku kuna sa kwat.

Sani Inshora: Na san za ka zo kaina. Ka yi kusa da gaskiya fiye da yadda kake zato. A Landan ɗin da Barista ya ambata, kafin 1774 kana iya zuwa ka yanki inshora a kan ran mutumin da ba ka taɓa gani ba, wani babba da jarida ta ce ba shi da lafiya, ya mutu ka karɓi kuɗi. Cacar mutuwa ce tsantsa da takardar kamfani. Majalisarsu ta yi doka a 1774 ta ce ba ka da ikon yankar inshora a kan ran wani sai in mutuwarsa asara ce gare ka. Mata a kan mijinta, mai bin bashi a kan wanda yake bi, iyakar abin da yake binsa. Wannan ƙa'idar ita ce katangar har gobe. Matar da ta yanki inshora tana addu'ar kada ta karɓi kuɗin nan. Mai sunaye a jikin firij addu'arsa ta koma ɗaya gefen. Mu nan ma takaful muke yi, wato inshorar Musulunci, malamai sun san bambancin, amma wannan wata muhawara ce.

Kuma hukumomi ba don tausayi kaɗai suke hanawa ba. In kuɗin ya yi yawa, wani zai ga ya fi sauƙi ya tabbatar da hasashensa da hannunsa. A Yulin 2003 aka bankaɗo wani shiri na ma'aikatar tsaron Amurka na buɗe kasuwar da za a riƙa sa kuɗi a kan abubuwa irin su juyin mulki da kisan shugabanni a Gabas ta Tsakiya, wai don a riƙa samun hasashe. 'Yan majalisa suka yi ca, aka soke shi nan take.

Auwalu Manchesta: Sani ka tuna mini. A takardar firij doka ta 4 ita ce: wanda ya kashe mutuminsa ba shi da maki. Da raha suka rubuta.

Sani Inshora: Da raha, amma sai da suka ga ya kamata a rubuta.

Issoufou Damagaram: Salamu alaikum, yanzu na shigo na tarar an yi nisa. Bari in ba ku na Faransa, su nasu halal ne a doka, viager suke ce masa. Tsoho ya sayar maka da gidansa, ya ci gaba da zama ciki, kai kuma kana biyansa kuɗi duk wata har ya mutu, sannan gida ya zama naka. Ya mutu da wuri ka ci riba, ya daɗe ka shiga uku. A 1965 a garin Arles wani mai rubuta takardun cinikin gidaje, Raffray, yana da shekara 47, ya ƙulla irin wannan da wata tsohuwa 'yar shekara 90, faran 2,500 duk wata. Wa zai ce bai yi dabara ba? Tsohuwar ita ce Jeanne Calment. Ya yi shekara 30 yana biya. Ya mutu a Disamban 1995 yana da 77, bai kwana gidan ko sau ɗaya ba, ya biya abin da ya ninka kuɗin gidan. Matarsa ta ci gaba da biya har tsohuwa ta rasu a Agustan 1997 tana da shekara 122.

Ɗan Iya Waya: Kai! Wannan ita ce gawa-ta-ƙi-rami ta asali. Shi kuma ya yi zaman jiran gawon shanu har nasa ya riga zuwa.

Issoufou Damagaram: Dalilin kawo shi, ban ga yadda za a ce nasu Auwalu ya fi wannan muni ba, ga shi wannan doka ce ta amince da shi. Kowace al'umma tana da inda take jiran mutuwar wani, sai dai wasu sun rubuta wasu ba su rubuta ba.

Anti Rakiya: Yauwa Issoufou, ka taɓo inda nake son zuwa, don na ga muna ta jinjina kai muna cewa Turawa. Laifi tudu ne. Na taɓa jinyar wani attajiri, ba zan faɗi gari ba. Yana ciki da robar iska a hanci, 'ya'yansa maza suna baranda. Babban ya ja ni gefe ya sassauta murya ya ce, Sista, tsakaninki da Allah, kwana nawa kike gani? Na ɗauka tausayi ne. Ashe akwai fili da ake son sayarwa, ana lissafin ko a lallaɓa ya sa hannu yanzu ko a bari a raba gado. Tsohon ya tashi, ya ƙara shekara 4. Ranar da aka sallame shi na kalli fuskokinsu, irin fuskar mai kofin shayin Auwalu ce.

Ga masu jiran kujera. Ga mu da waya a hannu, da an ji babba ya tafi asibiti waje sai rige-rigen wa zai fara rubuta Inna lillahi ya samu masu dannawa.

Barista: Wannan kam muna da tarihi. A Nuwamban 1989 aka sanar Azikiwe ya rasu, har aka fara maganar shirin jana'iza, mutumin yana raye sai 1996. A 2007 ana tsakiyar kamfe aka ce 'Yar'aduwa ya rasu a Jamus, sai da Obasanjo ya kira shi a waya gaban taro ya tambaye shi ko ya mutu. Marigayi Buhari kuwa a 2017 sau nawa aka kashe shi a Facebook? Har aka ce wani ne daga Sudan aka kawo a madadinsa, sai da ya fito da bakinsa ya ce shi ne.

Malam Habibu: Duk gaskiya ne, kuma duk haramun ne, ƙarya da mugun fata. Amma kada mu ɓace. Don muna da namu laifin ba zai sa na Auwalu ya halatta ba. Kuma ina jin wani zai ce a ransa ai waɗanda ke jikin takardar ba Musulmi ba ne, ina ruwanmu. An wuce da gawar Bayahude gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye. Aka ce masa ai Bayahude ne. Ya ce ashe ba rai ba ne? Yana cikin Buhari da Muslim.

Issoufou Damagaram: Malam ban ce ya halatta ba. Cewa na yi in zai mayar, ya mayar ba tare da ɗaga hanci ba. Kada ya je ya yi musu wa'azi kamar mu ba mu san abin ba.

Auwalu Manchesta: Wannan ce damuwata tun farko. Mayarwar ba wuya, yadda zan faɗa ne. Mutumin nan amana ya ga ina da ita ya ba ni. In na ce addinina ya hana, zai ji kamar na ce masa shi ƙazami ne shekara da shekaru.

Barista: Kada ka yi dogon bayani. Ka ce ba ka taɓa kuɗin caca kowace iri, ko ta ƙwallo ce, kuma ka gode da yardar da suka yi maka. Sun san wannan, ai saboda shi suka zaɓe ka. Bature yana girmama mutumin da ya ce wannan ƙa'idata ce, in dai bai ce kai ma dole ka bi ba.

Anti Rakiya: Tambaya ɗaya. Shi dattijon me ya sa ya ce bana ba zai iya ba? Shekara nawa yana riƙewa?

Auwalu Manchesta: An ce ya fi 15. Ban tambaye shi ba Anti, na ɗauka gajiya ce.

Anti Rakiya: Ka tambaye shi.

Ɗan Iya Waya: In kuma ka rasa yadda za ka yi da fam 180 ɗin, akwai marayu a nan shagona, ni ne babbansu.

Shugaba: Ɗan Iya saura ƙiris.

Auwalu Manchesta: Salamu alaikum, na dawo da bayani. Na same shi da safe kafin a fara aiki, na faɗa masa yadda Barista ya ce. Bai ji haushi ba ko kaɗan, ya ce dama ya yi zaton haka, ya karɓi ambulan ya sa a aljihu. Sai na yi tambayar Anti. Ya yi shiru, ya cire gilashinsa yana gogewa da gefen riga. Ashe a watan jiya aka gano masa ciwon daji a hanji, ranar 6 ga Janairu zai fara karɓar magani, manaja kaɗai ya sani. Ya ce ya zauna zai rubuta sunayensa 10 na bana kamar kullum, ya buɗe kwamfuta yana neman waɗanda ba su da lafiya, sai ya ga yana karanta irin sunayen magungunan da aka rubuta masa. Ya rufe. Sannan ya yi dariya ya ce kada in damu, shi bai yi sunan da za a sa shi a takarda ba, ko ya tafi ba mai samun maki.

Ban san me zan ce ba. Na ce zan riƙa kai shi asibiti ranakun da ba ni da aiki, don matarsa ba ta tuƙi. Ambulan kuma ya ba wata a sashen lissafi, ta karɓa. Sabuwar takarda ta riga ta hau firij.

Malam Habibu: Allah ya ba shi lafiya, ya shirye shi. Ka riƙe alkawarin kai shi ɗin.

Anti Rakiya: Amin. In ya fara karɓar maganin kada ka je masa da turare a jikinka, ƙamshi na tayar musu da zuciya. Ka ajiye leda da ruwa a mota. Kuma in kana mura ko tari kada ka je, ka nemo wani ya kai shi, garkuwar jikinsa za ta yi ƙasa sosai.

Auwalu Manchesta: To Anti. Abinci fa, in matata ta yi masa wani abu?

Anti Rakiya: Ka fara tambayar matarsa abin da likita ya yarda ya ci. In an yarda, kunu mai ruwa-ruwa ko farfesu ba yaji. Ba irin yajin gidanku ba, na san hannun Maman Hanif.